Tarihin Mayar da Mai Ciwon Daji Kan Maganin da Jikinsa Ya Ƙi

A ɗakunan da ake ƙara wa masu ciwon daji ruwan magani akwai wata al'ada da duk wanda ya taɓa raka majiyyaci zai lura da ita. Da zarar an ɗaura leda, ma'aikaciyar jinya ba ta yin nisa a mintocin farko. Takan tsaya tana duban fuskar majiyyacin, tana tambayarsa ko yana jin zafi yana taso masa, ko ƙaiƙayi, ko nauyi a ƙirji. Dalilin wannan tsayuwa shi ne wasu daga cikin magungunan kemo mafi ƙarfi sukan sa jiki ya yi musu bore. Boren kan tsaya a jan fuska da borin jini, amma wani lokaci yakan kai ga shaƙewar numfashi da faɗuwar bugun jini, abin da likitoci ke kira anafilaksis, wanda ke iya kisa cikin mintoci.

A yawancin cututtuka, idan magani bai karɓi mutum ba sai a canja masa wani, a wuce wurin. Ciwon daji ba ya ba da wannan sauƙi. Maganin da aka fara zaɓa galibi shi ne wanda bincike ya nuna ya fi kashe irin wannan ciwo, kuma wanda ke biye da shi kan gaza shi ƙarfi. Shekaru da yawa, majiyyacin da ya yi bore sau ɗaya sai a rubuta a fayil ɗinsa cewa kada a sake ba shi wannan magani har abada, ko da kuwa shi ne ke rage masa ƙarin. Yau likita yana da hanyoyi uku: ya riga boren da magungunan kariya, ya musanya maganin da ɗan'uwansa, ko ya sabar da jikin da maganin kaɗan-kaɗan har ya karɓa. Kowace hanya tana da labarin yadda aka samo ta, kuma labarin ya faro tun kafin a san da wani abu wai shi kemo.

Karen da ya mutu a Faris

A shekarar 1901 Yarima Albert na Monako ya gayyaci masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, cikin jirgin ruwansa domin su binciki dafin wata halittar teku mai harbin masunta da masu ninƙaya. Da suka koma Faris suka ci gaba da aikin a kan karnuka, da dafin wata halittar mai kama da ita. Nufinsu shi ne su yi wa dabbar rigakafi: a ba ta dafi kaɗan, ta warke, sannan ta jure mai yawa. Sai akasin haka ya faru. Wani kare mai suna Neptune ya sha allurar farko lafiya lau. Bayan kimanin mako uku aka sake yi masa wata 'yar ƙarama, nan take ya faɗi yana haki, bai kai rabin sa'a ba ya mutu. A 1902 suka bayyana abin da suka gani, suka raɗa masa suna anafilaksis, wato kishiyar kariya. Wannan aiki ya jawo wa Richet kyautar Nobel a 1913.

Darasin ya girgiza likitocin zamanin, domin ya nuna cewa garkuwar jiki, wadda aka sani da tsaron mutum, tana iya zama sanadin ajalinsa, kuma haɗuwa ta biyu da abu tana iya fin ta farko haɗari. Suna kuwa da dalilin damuwa. A lokacin ana ceton yara daga mashaƙo da ruwan jinin doki wanda aka yi wa rigakafi, kuma wasu yaran kan yi mummunan bore idan an maimaita musu. Likitan yara Clemens von Pirquet na birnin Biyana, wanda ya daɗe yana nazarin waɗannan yara, shi ya ƙirƙiro kalmar alerji a 1906.

Mafita ta farko ta fito daga Cibiyar Pasteur. A 1907 Alexandre Besredka, haifaffen Odessa, ya nuna cewa dabbar da allura ɗaya za ta kashe tana tsira idan aka fara ba ta ɗigo ƙarami ƙwarai, aka jira kaɗan, aka ƙara, aka sake jira, har aka kai cikakken awo. Ya kuma lura cewa kariyar ba ta daɗewa. Wannan dabara ta Besredka har yanzu tana cikin ƙa'idojin ba da maganin mashaƙo na jinin doki, cutar da ta sake addabar Kano da maƙwabtanta a 2023. Ita ce kuma kakar hanyar da ake mayar da masu ciwon daji kan maganinsu a yau.

Kayan aikin da aka tara

Sanin haɗari daban, samun abin tare shi daban. Sai da aka ɗauki rabin ƙarni ana tara kayan aiki. Masanin Jafan Jokichi Takamine ya tace sinadarin adirenalin a 1901, wanda ke buɗe hanyoyin numfashi ya kuma ɗaga bugun jinin da ya faɗi. A 1910 Henry Dale da Patrick Laidlaw a Ingila suka nuna cewa sinadarin histamin yana haddasa alamu irin na anafilaksis. Daniel Bovet ya samo maganin farko mai toshe histamin a 1937, kuma daga wannan gida ne Benadryl da Piriton suka fito. A 1948 Philip Hench ya fara amfani da kotizon a Asibitin Mayo na Amurka, bayan shekaru goma kuma aka samar da dekzametazon, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Asirin abin da ke faruwa a cikin jiki ya fito fili a 1966 da 1967, lokacin da Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denver, da kuma Gunnar Johansson da Hans Bennich a Uppsala ta Suwidin, suka gano wani makamin garkuwar jiki da aka sa wa suna IgE. Wannan makami yakan zauna a bayan wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda Paul Ehrlich ya siffanta tun 1878, masu cike da histamin kamar rumbu. Idan jiki ya taɓa haɗuwa da wani abu ya ɗauke shi a matsayin maƙiyi, sai ya ƙera masa IgE. Ranar da abin ya dawo, ƙwayoyin mast sai su fashe gaba ɗaya, su zubar da abin da ke cikinsu. Abin da ya kashe Neptune ke nan.

Fenisilin ne ya zama makarantar da likitoci suka koyi amfani da dabarar Besredka a kan magunguna. Mai juna biyu da ke ɗauke da tunjere ba ta da wani magani tabbatacce da zai kare jaririnta in ban da fenisilin. A 1985 likitoci a Dallas suka ba da rahoton mata 15 masu juna biyu waɗanda jikinsu ya ƙi fenisilin, aka sabar da su da shi ta baki a cikin 'yan sa'o'i, suka karɓi cikakken maganinsu. Ka'idar da aka kafa a nan ita ce: idan magani ba shi da madadi na ƙwarai, bore ba ya zama dalilin haƙura da shi.

Asfarajines: hanyar musanya

Kemo ya fara ne a shekarun 1940, da gwajin da aka yi a Jami'ar Yale a 1942 da aikin Sidney Farber a kan yara masu sankarar jini a Boston a 1947. Magungunan farko suna da illoli masu yawa, amma bore bai cika cikinsu ba. Wanda ya fara kawo matsalar a fili shi ne asfarajines.

A 1953 John Kidd na Jami'ar Cornell ya lura cewa ruwan jinin ɓeran Masar yana narkar da wani irin ciwon daji a jikin ɓeraye. A 1961 John Broome ya gano cewa sirrin wani sinadari ne mai cinye asfarajin, abincin da ƙwayoyin sankarar jini ba sa iya haɗa wa kansu. Ɓerayen Masar ba za su wadatar da duniya ba, don haka aka koma tatsar sinadarin daga ƙwayar bakteriya ta E. coli. Maganin ya zama ginshiƙi wajen warkar da sankarar jini ta yara. Amma furotin ne na baƙuwar halitta, kuma jiki yana gane baƙo. A wasu tsare-tsaren magani kusan yaro ɗaya cikin uku kan yi bore, galibi bayan allurai da dama, musamman idan an huta an dawo.

Maganin matsalar ya zo daga Porton Down ta Ingila, inda aka tace irin wannan sinadari daga wata bakteriya ta daban mai suna Erwinia, wadda ke ruɓar da tsirrai. Aikinsu ɗaya ne, amma kamanninsu sun bambanta yadda makaman da jiki ya ƙera wa na farko ba sa gane na biyu. A 1994 kuma aka amince da wani nau'in da aka lulluɓe da sinadarin PEG, wanda ke daɗewa a jini kuma yake rage yawan allurai. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa yaran da aka daina ba su asfarajines gaba ɗaya sun fi fuskantar dawowar ciwon, waɗanda aka musanya musu da na Erwinia kuwa sakamakonsu ya yi daidai da na sauran. Iyayen da aka gaya musu cewa maganin bai karɓi ɗansu ba suna da haƙƙin tambaya: da me za a maye gurbinsa?

Taxol da man zurma: hanyar riga bore

Babu maganin da bore ya kusa binnewa kamar Taxol. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya sassaƙo ɓawon bishiyar yu a dazukan jihar Washington, cikin shirin gwamnatin Amurka na neman maganin ciwon daji a jikin tsirrai. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin da ke ciki, suka bayyana siffarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki: yana daskarar da ƙashin cikin ƙwayar halitta har ta kasa rabuwa biyu. Babu wani magani da aka sani yana yin haka a lokacin.

Matsalarsa ita ce ba ya narkewa a ruwa, abin da ba ya narkewa kuwa ba a iya sa shi a jijiya. Sai aka narkar da shi a cikin Cremophor EL, wani sinadari da ake sarrafawa daga man zurma, tsiron nan da ke fitowa a bayan gidaje da bakin juji. An riga an san Cremophor da tayar da histamin, har ma an janye wani maganin sa barci mai suna Althesin daga kasuwa a 1984 saboda boren da ake dangantawa da shi. Da aka fara gwada Taxol a kan mutane a farkon shekarun 1980, majiyyata suka riƙa yin bore mai tsanani cikin mintocin farko, har aka rasa rai. Wani nazari da aka buga a 1990 ya ƙirga mutum 32 cikin 301. An dakatar da wasu gwaje-gwajen, kuma akwai masu ganin a yi watsi da maganin baki ɗaya.

Abubuwa biyu suka cece shi. Na farko, aka sassauta gudun ruwan, har ya zama ana ɗaukar sa'o'i 24 ana ƙara shi. Peter Wiernik da abokan aikinsa a New York suna cikin waɗanda suka nuna amfanin haka a 1987. Na biyu, aka aro dabarar da masu ɗaukar hoton cikin jiki ke yi wa wanda jikinsa ya ƙi ruwan hoto: a ba da dekzametazon sa'o'i 12 da kuma sa'o'i 6 kafin magani, sannan a ba da Benadryl da simetidin, maganin gyambon ciki mai toshe wata ƙofar histamin, rabin sa'a kafin a ɗaura leda. Mummunan bore ya sauko zuwa 'yan kaɗan cikin ɗari. A 1989 likitocin Johns Hopkins suka ba da rahoton cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na mata masu sankarar ƙwan mahaifa, waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, sun samu sauƙi da Taxol. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 1992. A 1994 wani babban gwaji na Turai da Kanada ya tabbatar da cewa muddin an ba da magungunan kariya, sa'o'i 3 sun isa. Wannan ne ya sa mai karɓar fakilitaksel, sunan maganin na asali, yake iya zuwa da safe ya kwana a gidansa.

Boren fakilitaksel da na ɗan'uwansa dosetaksel yana da halinsa. Yakan zo a karo na farko ko na biyu, cikin mintoci goma na farko, da jan fuska, matsewar ƙirji da wani ciwon baya mai zuwa farat ɗaya. Zuwansa a karon farko ya nuna cewa sau da yawa ba ya jiran IgE, ƙwayoyin mast ake tsokana kai tsaye. Shi ya sa idan boren mai sauƙi ne akan tsayar da ruwan, a ƙara maganin kariya, a jira alamun su lafa, a ci gaba a hankali a wannan ranar, kuma mafi yawan majiyyata kan ƙarasa ledarsu. A 2005 aka fito da Abraxane, fakilitaksel ɗin da aka haɗa da furotin na jinin mutum a madadin Cremophor, wanda ba ya buƙatar waɗancan magungunan kariya, sai dai ya fi tsada.

Filatinam: boren da ke jinkiri

Dangin filatinam sun koyar da darasi na daban. Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan ya gano a 1965 cewa wani haɗin ƙarfen filatinam yana hana bakteriya rabuwa. Daga nan aka samu sisfilatin a 1978, sai kabofilatin a shekarun 1980, sai oksalifilatin wanda Yoshinori Kidani ya haɗa a Jafan. Tun 1945 likitoci a Ingila suka siffanta asma da borin jini a tsakanin ma'aikatan matatun filatinam, waɗanda kan yi watanni ko shekaru suna aiki lafiya kafin abin ya bayyana. Haka ya kasance ga majiyyata.

Maurie Markman na Cleveland ya bi diddigin mata 205 da suka karɓi kabofilatin, ya buga sakamakon a 1999. Kashi 12 cikin ɗari sun yi bore, kuma tsaka-tsakin lokacin zuwansa shi ne zagaye na takwas. A cikin waɗanda suka wuce zagaye bakwai, adadin ya kai kashi 27. Ma'anar wannan ga mai sankarar ƙwan mahaifa mai nauyi ce. Takan gama zagaye shida na farko ba tare da matsala ba. Idan ciwon ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu aka mayar da ita kan kabofilatin, a karo na biyu na wannan sabon zango ne boren ya fi faruwa, daidai lokacin da ita da danginta suka saki jiki. Wannan bore na IgE ne na gaske. Magungunan kariya ba su cika hana shi ba, kuma sake gwadawa da gudun da aka saba yana iya zama ajali. Alamarsa ta farko sau da yawa ƙaiƙayin tafin hannu ne ko na tafin ƙafa, wanda mutum zai iya rainawa.

Oksalifilatin, na sankarar hanji, yana da irin wannan jinkiri, yana kuma da wata illa da ake rikita ta da bore. Yakan taɓa jijiyoyin ji, ta yadda idan mutum ya sha ruwan sanyi ko iska mai sanyi ta buge shi sai ya ji kamar maƙogwaronsa ya shaƙe. Abin yana da ban tsoro, amma hanyar iska a buɗe take, kuma maganinsa gujewa sanyi na 'yan kwanaki da sassauta gudun ruwan a karo na gaba. Likita ne zai bambance su, shi ya sa ake faɗa masa duka biyun.

Kaska da naman dabba

Wani babi mai ban mamaki ya buɗe bayan an amince da setuksimab, wato Erbitux, a 2004. A yawancin Amurka mummunan bore da shi bai kai kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba, amma a jihohin Tennessee da North Carolina wani rahoto na 2007 ya samu kashi 22, kuma a allurar farko. Thomas Platts-Mills na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa suka nuna a 2008 cewa waɗannan mutane suna ɗauke da IgE tun kafin su ga maganin, a kan wani sukari mai suna alfa-gal da ke jikinsa. Sukarin yana cikin naman shanu, tumaki da sauran dabbobi masu shayarwa, kuma cizon wata kaska ta yankin ne ke sa jiki ya ƙulla gaba da shi. Ta wannan hanya aka fahimci dalilin da ya sa wasu mutane ke yin borin jini sa'o'i bayan sun ci jan nama. Wanda ya san haka na faruwa da shi ya gaya wa likitansa kafin a fara masa irin wannan magani, domin akwai madadinsa, fanitumumab, wanda ba shi da wannan sukari.

Matakai goma sha biyu na Boston

Ga wadda kabofilatin ya ƙi, ko wanda fakilitaksel ya kayar duk da magungunan kariya, hanya ta uku ce ta rage. Asibitoci da dama sun gwada sabarwa a shekarun 1990, kowa da tsarinsa. Wadda ta daidaita aikin ita ce Mariana Castells, likitar alerji a Asibitin Brigham and Women's da Cibiyar Dana-Farber a Boston. Ta gwada ƙwayoyin mast a ɗakin bincike ta ga cewa idan ana ninka abin da suke ƙi a hankali, da tazara daidai, sukan yi shiru ba su fashe ba. A kan wannan ta gina tsarinta.

Ana raba awon maganin na wannan rana cikin leda uku. Ta farko an tsinka ta sau ɗari, ta biyu sau goma, ta uku kuma tana ɗauke da ragowar maganin da kusan ƙarfinsa na asali. Kowace leda tana da matakai huɗu. Ana farawa da ɗigo a hankali ƙwarai, duk bayan minti 15 a ninka gudun, har a kai mataki na goma sha biyu, wanda shi kaɗai yakan ɗauki kusan sa'o'i uku. Aikin duka yana cin kusan sa'o'i shida, da ma'aikaciyar jinya a gefen gado da adirenalin a kusa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Idan alama ta taso sai a tsayar, a magance ta, a ci gaba daga inda aka tsaya. Wanda borensa ya yi muni sosai akan ƙara masa leda ta huɗu, matakan su zama 16.

A 2008 Castells ta buga sakamakon sabarwa 413 da aka yi wa majiyyata 98. A kashi 67 cikin ɗari babu wani bore, a kashi 27 an samu mai sauƙi, a kashi 6 an samu mai tsanani wanda aka shawo kansa. Babu wanda ya rasu, kuma kowa ya karɓi cikakken awonsa. Rahoton da ya biyo baya a 2016, na sabarwa fiye da dubu biyu, ya tabbatar da haka. Likitocin Asibitin Ramón y Cajal da ke Madrid sun ƙara wani abu mai amfani: sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa tambarin bore, idan aka auna su da kyau aka sake gwada maganin a ƙarƙashin tsaro, sukan karɓe shi ba tare da buƙatar sabarwa ba.

Awon ya dogara da abubuwa biyu. Akwai gwajin jini na tiriftes, sinadarin da ƙwayoyin mast ke zubarwa, wanda Lawrence Schwartz ya nuna amfaninsa a 1987. Ana ɗibar jinin cikin sa'a ɗaya zuwa biyu bayan boren, domin daga baya yakan sauka. Akwai kuma gwajin fata, inda ake sa ɗigon maganin a fatar hannu bayan 'yan makonni, wanda ya fi amfani ga dangin filatinam.

Iyakokin hanyar, da rabon majiyyaci

Abin da Besredka ya lura da shi a 1907 bai canja ba: sabon na ɗan lokaci ne. Da zarar maganin ya bar jiki, ƙwayoyin mast sukan koma halinsu cikin kwanaki. Don haka kowane zagaye sai an maimaita matakan daga farko, kuma wanda aka sabar sau biyar lafiya ba zai karɓi na shida da gudun da aka saba ba. Akwai kuma boren da ba a sabar da shi sam. Idan magani ya sa fata ta yi ƙuraje masu ruwa tana saɓulewa, baki da idanu suka yi gyambo, irin ciwon da Stevens da Johnson suka siffanta a 1922, ko ya haɗa zazzaɓi da ƙuraje da taɓuwar hanta ko ƙoda kwanaki bayan shansa, to an rabu da wannan magani ke nan har abada.

A lokacin bore mai tsanani, abin da ke ceton rai shi ne tsayar da ruwan nan take da allurar adirenalin a naman cinya ta waje, tare da kwantar da majiyyaci a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi iska da ruwa. Piriton da haidirokotizon mataimaka ne, ba sa maye gurbin adirenalin, kuma jinkirta shi na cikin abubuwan da aka fi gani a tarihin waɗanda suka rasu. Akan kuma riƙe mutum na wasu sa'o'i, domin boren yana iya dawowa bayan ya lafa.

Duk wannan ilimi yana jiran abu ɗaya daga majiyyaci, wato ya yi magana da wuri. Kunya da dauriya halaye ne masu kyau a wurare da yawa, amma wanda ya ji tafin hannunsa na ƙaiƙayi, ko zafi na hawa fuskarsa, ko tari, ko ciwon baya, ko jiri yayin da ruwa ke shiga, ya kira nas a wannan daƙiƙar, ko mai jinyarsa ya kira. Kada kowa ya taɓa abin daidaita gudun ruwan don a gama da wuri a kama mota. Ƙwayoyin dekzametazon da aka ce a sha a gida daren jajibiri a sha su a kan lokaci, wanda ya manta kuma ya faɗa kafin a ɗaura leda. Mai ciwon sukari ya sanar, domin suna ɗaga sukari. Mai asma, da mai shan maganin hawan jini ko na zuciya, ya kawo kwalayensa a gani, domin wasunsu suna rage ƙarfin adirenalin. Haka ma jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ake sha a gida.

Idan boren ya riga ya faru, iyali su nemi a rubuta musu sunan maganin, zagaye na nawa ne, minti nawa da farawa, waɗanne alamu aka gani, da abin da aka ba shi ya farfaɗo. Da wannan takarda likita na gaba zai yanke shawara tsakanin sassautawa, musanyawa da sabarwa. Ba kowane asibiti ke yin sabarwa ba, kuma aiki ne da ba a yin sa a gida ko a kemis ko a ɗakin da babu kayan farfaɗo da numfashi. Amma ba ya buƙatar sayen ƙarin maganin kemo, domin awon rana ɗaya ne ake rabawa cikin ledoji. Abin da yake ci shi ne yini guda, gado, da ma'aikatan da suka san aikin. Kafin a amince da ajiye maganin da ke aiki, ya dace a tambayi likita ko za a iya sabarwa a nan, in kuwa ba za a iya ba, wane asibitin koyarwa ne za a tura majiyyacin.